Kwana biyar a yankin gonakin inabi na Cape Town: akwai hutun da Musulmi zai samu a can?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Maigidana zai halarci taro a Jami'ar Stellenbosch da ke Afirka ta Kudu a watan Nuwamba, kuma ya ce in shirya mu tafi tare, bayan taron mu ƙara kwana biyar mu huta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara uku ke nan ban ɗauki hutun kirki ba, kafaɗuna kullum a ɗaure, barci kuma sai a hankali. Da na shiga intanet neman masauki, duk inda na buɗe sai in ga kofin giya a kan tebur. Ashe yankin gabaɗaya na gonakin inabin giya ne. Wuraren tausa da wankan ruwan ɗumi ma yawancinsu a cikin gonakin suke. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah akwai abin da za mu mora ba tare da mun tsoma kanmu cikin abin da Allah ya hana ba? Ko mu koma cikin Cape Town kawai mu zauna?

Sadiq_Matie:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a jami'ar, kuma ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Garin ba mashaya ba ne, gari ne na ɗalibai da manoma. Tun 1679 aka kafa shi, nisansa da Cape Town kamar kilomita 50 ne. Akwai masallaci a tsakiyar gari, Gujjatul Islam, nan muke sallar Juma'a, kuma Musulmin da ke riƙe da shi 'yan asalin garin ne kaka da kakanni.

In hutu kike nema, ki fara da kwarin Jonkershoek. Minti goma sha biyar ne a mota daga gari. Duwatsu ne dama da hagu, ga ƙorama tana gudu a ƙasa, ruwan sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga firji. Duk ranar da karatu ya cushe min kai, can nake zuwa bayan asuba, in cire takalmi in sa ƙafa a ruwa. Ba ka jin komai sai tsuntsaye da ƙarar ruwa a kan duwatsu. Kuɗin shiga kawai za ki biya a ƙofa.

AbuHafsa_Zariya:
Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗauki iyalinsa ya kai su inda arzikin garin kacokan daga giya yake ba. Hadisi ya zo cewa an la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta da mai cin kuɗinta. In ka kwana a otal ɗin gonar, ai kuɗinka cikin asusu ɗaya suke shiga. Ƙasar Allah da faɗi take.

Sadiq_Matie:
Malam, taron ne ya kawo su, ba su suka zaɓi garin ba. Kuma ba dole ba ne su kwana a gona. Cikin gari cike yake da ƙananan masaukai da gidajen haya masu kicin, babu ruwansu da matsar inabi.

Hajiya_Turai:
Maman Ilham 'yata, mun je ni da Alhaji shekara biyu da suka wuce, bayan an yi masa aikin gwiwa. Bari in gaya miki abin da ya same ni don kada ya same ki. Na yi rajistar tausa a wani wuri a Franschhoek, wani gari kusa da Stellenbosch, ban yi tambaya ba. Ina shiga ɗakin, sai ga wani saurayi ya shigo da tawul a kafaɗa, wai shi zai yi min. Na ce masa ya yi haƙuri. Sai da na jira awa biyu kafin a samu mace, ni kuma raina ya riga ya ɓaci. Su a wurinsu ba wani abu ba ne, ba da mugun nufi suka yi ba. Saboda haka tun a waya ko a saƙo ki faɗa musu ƙarara: mace nake so, kuma ɗaki ni kaɗai. Ki sa su rubuto miki cewa sun amince.

Na biyu, ki nemi su karanto miki abin da za su shafa miki. Wanda aka yi min daga baya, garin ƙwallon inabi ne aka kwaɓa da zuma da mai, aka goge min jiki da shi, ni dai dilka ce ta faɗo min a rai, sai dai babu kurkum. Bayan an wanke aka naɗe ni a bargo mai ɗumi, aka kawo shayin rooibos, wani ganyen shayi na ƙasar. Wallahi a nan na yi barci, sai tashina aka yi. Kwana uku ina jin fatata kamar ta jariri.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Hajiya. To amma wannan na ƙwallon inabin, ba daga wurin yin giyar suke kwaso shi ba? Abin da ke tsaya min a rai ke nan.

Dr_Bilkisu:
Tambaya mai kyau. Wannan salon gyaran jiki da inabi daga Faransa ya bazu. Kamfanin Caudalie ne ya shahara da shi, suka buɗe wurinsu a wata gonar inabi kusa da Bordeaux a 1999, saboda ƙwallon inabi da ɓawonsa suna ɗauke da sinadaran da ake ganin suna kare fata. Kashi uku ne abin da ake amfani da shi. Akwai man da ake tatsa daga ƙwallon, shi mai ne kamar man riɗi, har girki ake yi da shi. Akwai dusar da ta rage bayan an matse inabi, wadda in ta jar giya ce ta riga ta tsimu tare da ruwan kafin a tace. Sannan akwai wuraren da suke zuba giyar kanta a ruwan wanka. Ki tambaya wanne ne nasu. Ko kuma ki huta da wannan duka ki ce da man zaitun ko na rooibos kike so, suna da su.

A matsayina na likita kuma, gaskiya yawancin amfanin daga hannun mai tausar yake, da shiru, da kashe waya. Inabin ƙari ne kawai.

Malam_Nasiru_Gwale:
Bismillah. A raba abu biyu. Inabi ɗan itace ne mai albarka, Allah ya ambace shi cikin ni'imominsa a Suratu Abasa da wasu wurare. A Ɗa'ifa, lokacin da aka jefi Manzon Allah (SAW), a gonar inabi ya fake, kuma inabi Addas ya kawo masa ya ci. Saboda haka kallon gona ko tafiya a cikinta ba laifi ba ne. Abin da nassi ya hana a fili shi ne zama a teburin da ake shan giya a kansa, kamar yadda ya zo a Tirmizi. Sannan mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu, suna ganin giya najasa ce, don haka wanka da ruwan da aka zuba ta ciki ba abin da za a kusanta ba ne. Man ƙwallo kuwa ban ga matsala a cikinsa ba. Dusar da ta tsimu, barinta ya fi.

Maganar Abu Hafsa kan kwana a otal ɗin gona tana da ƙarfi ta fuskar tsantseni, ni ma da ni ne cikin gari zan sauka. Amma ba zan ce wa wanda ya biya kuɗin ɗaki da abinci na halal ya shiga cikin goman nan ba. Wallahu a'alam.

AbuHafsa_Zariya:
Allah gafarta Malam, na karɓi gyara a kan goman. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da a je a ƙara musu ciniki ba.

Danladi_Jos:
Ni Kirista ne, kuma na taɓa zuwa da abokan aiki, na hau wannan ƙaramin jirgin ƙasan na Franschhoek da ke zagayawa da mutane gona gona. Maman Ilham, shi kam kada ki hau. An yi shi ne don masu ɗanɗana giya, zuwa la'asar hayaniya ta yi yawa, ba za ki ji daɗi ba. Ni kaina abin da ya fi zama a raina ba kofin ba ne. Lambun Babylonstoren ne, tsakanin Paarl da Franschhoek. Gona ce tun 1692, sun yi lambu mai girman kadada uku da rabi, kusan duk abin da ke ciki ana ci ko ana magani da shi. Ruwa na bin ƙananan magudanai a gefen hanya, ga agwagi suna yawo, ga wani fili da aka shuka ganye mai ƙamshi ana taka shi ba takalmi. Na yi awa uku ban san lokaci ya tafi ba. Suna yin giya su ma, amma ɓangarenta daban, kana iya shiga lambun ka fita ba ka bi ta can ba.

Ummi_Kudan:
Kai, ina ma ni ce! Mu nan Kudan da muke noman inabi na san daɗin a tsinko shi da safe da raɓa a jikinsa. Anti ki ci ki ƙoshi, ki zo ki ba mu labari ko nasu ya fi namu zaƙi.

Sadiq_Matie:
Ummi, sai dai a wata tafiyar. A Nuwamba inabin nan ɗanye ne shar, ƙanana kamar 'ya'yan gero. Girbi daga ƙarshen Janairu yake farawa zuwa Maris ko Afrilu. Yanayinsu kishiyar na Turai ne: Disamba zuwa Fabrairu zafi, Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwan sama. Abin da ke nuna a Nuwamba shi ne strawberry, akwai gonaki a hanyar Polkadraai da za a ba ka bokiti ka shiga ka tsinka da hannunka. Sannan inabin ci ma ai daban yake da na giya. Na giya ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, cike da ƙwallo. Na ci an fi noma shi a kwarin Hex, wajen De Doorns.

Ku kuma lura da lokutan salla. A ƙarshen Nuwamba rana ba ta faɗuwa sai wajen bakwai da rabi na yamma, asuba kuma tun wajen ƙarfe huɗu. In ba ku kwanta da wuri ba, barcin da kika zo nema ba zai samu ba.

Kwamared_Lawal:
Tunda an ambaci De Doorns, bari in faɗi abin da masu tallan hutu ba sa faɗa. A garin ne ma'aikatan gona suka yi yajin aiki a ƙarshen 2012, lokacin ana biyansu rand 69 na kuɗin ƙasar a wuni, suka nemi 150, aka ƙare a 105. Kafin nan kuma akwai tsarin da suke kira dop, inda ake biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya. Doka ta hana tun 1960 amma ba a daina ba sai shekarun 1990. Sakamakonsa har yau yana nan: yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yara masu naƙasa saboda shan giyar uwa lokacin goyon ciki a duk duniya. Fararen gidajen nan masu kyau da ake ɗaukar hoto a gabansu, bayi ne suka gina da yawansu. Ban ce kada a je ba. Amma matar da za ta yi miki tausa, wataƙila jikar waɗancan leburori ce. A gaishe ta da mutunci, a ba ta ihsani a hannunta.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Wannan na yaran ya taɓa ni, don na yi aiki a ɗakin jarirai. Ban taɓa sanin haka ba.

Baba_Alhaji_Kumasi:
Cikin bayin nan da Kwamared ya ambata akwai Musulmi da yawa, daga Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka aka kwaso su. Jikata, in kin je kada ki dawo ba ki ziyarci Macassar ba, bai kai rabin awa daga Stellenbosch ba. Nan ne kabarin Shehu Yusuf, malamin da Turawan Holan suka koro daga ƙasarsa suka kawo shi a 1694, ya rasu a 1699. Sun ajiye shi a gonar Zandvliet don su nesanta shi da mutane, sai wurin ya zama matattarar bayin da suka gudo, a nan karatu ya kafu. Ginin fari ne mai koren ƙubba a kan tudu, iskar teku na kaɗawa. Na zauna a wurin bayan azahar na yi wuridina, na ji nutsuwar da ban ji a otal ba. Mu 'yan Ghana tun Nuwamban 2023 ba ma buƙatar biza, shi ya sa na je sau biyu.

AbuHafsa_Zariya:
Ziyara don tuna lahira da yi wa mamaci addu'a, babu laifi. A dai kiyaye abin da ya wuce haka.

Baba_Alhaji_Kumasi:
Yaro, na san abin da nake yi tun kafin a haife ka. Mu bar wannan a nan, ba shi baiwar Allah ta tambaya ba.

Zee_Abuja:
Ku da ba ku neman biza kun huta Baba. Maman Ilham, ku masu fasfon Najeriya ku nema da wuri, tawa ta daɗe sosai kafin ta fito. Kada ki manta katin rigakafin shawara, za a tambaya. Daga Legas zuwa Johannesburg kamar awa shida ne, sai ƙarin awa biyu zuwa Cape Town. Kuma a hagu suke tuƙi, in maigidan bai saba ba gara ku ɗauki direba.

Abinci kuma: in kika ga an rubuta wurin yana maraba da masu cin halal, ba shi ne yana da shaida ba. Sau da yawa naman ne kawai na halal, amma kicin ɗaya ne da naman alade, kuma suna zuba giya a miya. Ki nemi tambarin MJC ko SANHA, hukumomin da ke ba da shaidar halal, a ƙofa. Ni a gidajen abincin gonaki kifi gasasshe nake ci da ganye, in ce kada a sa min miyarsu. Abin sha kuwa Appletiser ko Grapetiser, ruwan tuffa ne da na inabi mai gas, babu barasa.

Hajiya_Turai:
Ƙwarai Zee. Mu gida muka kama mai kicin, na tafi da yajina da kukata da daddawa kaɗan. Ran Lahadi da safe kuma a nemi koesister wurin Musulmin Cape, kamar fanke yake amma da kirfa da citta, a tsoma a ruwan sukari a barbaɗa kwakwa. Da shayi mai zafi, ba a magana.

Zee_Abuja:
Hajiya daddawa a jirgi? Ba su ƙwace ba?

Hajiya_Turai:
Garinta na daka na ƙulle a leda uku, na kuma nuna musu da aka tambaya. Suka duba suka bar ni.

Issoufou_Agadez:
Ni abin da ban ji an yi magana a kai sosai ba shi ne ruwan zafi na ƙasa. Mu a nan muna da Tafadek, mutane na zuwa daga nesa saboda ciwon gaɓɓai. Na ji an ce can ma akwai. In akwai, ai ya fi tausar mai tsada.

Sadiq_Matie:
Akwai sosai. Mafi kusa shi ne Goudini wajen Rawsonville, in ka bi babbar hanyar N1 ka ratsa ramin Huguenot da aka huda cikin dutse, kusan kilomita huɗu tsawonsa. Akwai Caledon, ruwansa ja-ja ne saboda ƙarfen da ke ciki, kada a shiga da fararen kaya. Sai Montagu, kamar awa biyu daga nan, ruwan na fitowa da zafin digiri 43. Garin kuma ya shahara da busassun 'ya'yan itace, tsaraba mai kyau. Matsalar ɗaya ce: manyan kwamin wankan maza da mata a haɗe suke, kuma ƙarshen mako cike suke da yara. Sai dai a nemi masaukin da ke jawo ruwan har cikin ɗaki, akwai su.

Dr_Bilkisu:
A yi hattara da ruwan nan. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, jini ya sauka, mutum ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi. Mai shan maganin hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai, su tambayi likitansu tukuna. Mai juna biyu kada ta shiga mai zafin sosai. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, a fito a sha ruwa. Haka ma ɗakin surace.

Sannan za ki ji masu zagayawa da baƙi suna cewa jar giya kaɗan maganin zuciya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Ko ta fuskar lafiya ba ki rasa komai ba.

Musa_Direba:
Ba a wannan yankin aka tsare Mandela ba? Ko a tsibiri ne?

Kwamared_Lawal:
Duka biyun. Ya yi shekara 18 a tsibirin Robben, aka mai da shi Pollsmoor, daga ƙarshe gidan yarin Victor Verster da ke tsakanin Paarl da Franschhoek. Daga ƙofarsa ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990. Yanzu sunansa Drakenstein, akwai mutum-mutuminsa a bakin ƙofar, kan hanya yake in za ku Franschhoek daga Paarl.

Hajiya_Turai:
Kun ga yanzu an fara jera mata wuraren zuwa kamar mai aikin Hajji. Yarinyar nan cewa ta yi ta gaji. Kuskuren da muka yi ke nan a kwana biyun farko, kullum muna cikin mota, Alhaji ya dawo gwiwa ta kumbura. Sai a rana ta uku muka zauna. Bayan asuba mu fito mu taka a hankali ƙarƙashin manyan bishiyoyin titin Dorp na cikin Stellenbosch, ruwa na gudu a 'yar kwata a gefen titi, mu dawo mu karya, in yi barcin hantsi, abin da rabona da shi tun ina amarya. La'asar mu zauna a baranda mu kalli dutse yana canza launi har magariba. Maman Ilham, wuri ɗaya a rana ya ishe ki. Wata ranar ma kada ki je ko'ina.

AbuHafsa_Zariya:
To in barci ne da kallon dutse, Hajiya, ai ko a Yankari ko Mambila za a yi, babu kwalba a kusa.

Zee_Abuja:
Malam, tikiti dai an riga an saya, taro kuma a can yake. Kuma otal nawa ne a Abuja babu mashaya a ƙasa?

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun zauna da Abban Ilham jiya na karanta masa duka. Mun tsayar da cewa cikin gari za mu kama gida mai kicin, ba a gona ba, don shi ma ra'ayinsa ya fi kusa da na Abu Hafsa. Jonkershoek da Macassar sun shiga lissafi. Lambun da Danladi ya faɗa ne muka kasa daidaitawa: ni ina so, shi yana cewa kuɗin ƙofar ai na masu gonar ne. Tausa kuwa zan nemi wurin da ba na gona ba, da man zaitun.

Sadiq, don Allah matan masallacinku ba su san wata mai tausa da ke zuwa gida ba? Kuma iskar nan da ake cewa tana kaɗawa a Nuwamba, sai na taho da rigar sanyi ko mayafi mai kauri ya isa?

Sadiq_Matie:
Zan tambayi matar limaminmu ran Juma'a in sha Allah, in turo miki ta akwatin saƙo. Rigar sanyi kuwa ki taho da ita ko guda ɗaya ce. Da rana zafi, amma in iskar kudu maso gabas ta taso da yamma, mayafi ba ya tsayawa a ka sai da fil.

Danladi_Jos:
Maman Ilham, in maigida bai yarda da na gonar ba, jami'ar tana da nata lambun a tsakiyar gari. Ƙarami ne amma akwai inuwa da kujeru, da ƙafa ma za ki je yana wurin taro.